Layi na Bakwai

Laraba, bayan la'asar. Kwana na biyu.

Wannan littafin kamfanin yawon buɗe ido ne ya raba mana ranar da muka taso, wai mu riƙa rubuta dabbobi da tsuntsayen da muka gani. Na cike shafi uku: giwa, dorina, kada, da wani tsuntsu mai baki kamar ayaba. Ba na jin sauran shafukan za su ƙara samun dabba, don haka bari in zuba musu abin da ke raina.

Mu goma sha huɗu ne, ban da Jagora da direba. Ƙasa uku aka tsara mana: daji a ta farko, kogi da duwatsu a ta biyu, teku a ta uku. 'Ya'yanmu ne suka haɗa kai suka shirya mana tafiyar, ni da Yaya, bayan likitan ido ya gaya mata abin da ya gaya mata, ita kuma ta ce tana son ta ga teku tun da sauran gani.

Mun gama ƙasa ta farko lafiya. Jiya a bakin iyakar ta biyu aka karɓi takardun lafiyar da muka cike a mota, aka shiga da su wani ofis, aka daɗe. Sai ga mutane sun fito da takunkumi a fuska. Aka kira mu ɗaya bayan ɗaya bayan labule, aka ɗebi jinin kowa, sannan aka rako motarmu zuwa wannan masauki na bakin kogi. Kwana ashirin da ɗaya, ba shiga ba fita.

Abin da Jagora ya iya gaya mana shi ne wani abu yana kashe birai a dajin da muka baro, kuma wani a cikin motarmu ya rubuta abin da ya sa dole a tsare mu duka. Ba a faɗi ko wane ne ba. Wai doka ta hana.

Aka yi ta salati, aka yi ta tambayar juna. Ba a tambaye ni ba.

Alhamis, da hantsi. Kwana na uku.

Ɗakinmu na shida ne. Na katako, a kan ƙafafu huɗu, da rufin kwano. Gado biyu, gidan sauro biyu, fanka ɗaya mai kuka kamar tana neman a yafe mata. Tagar raga tana kallon kogi, ruwansa ja, ba ya tsayawa. An zagaye masaukin da igiya mai ja da fari. Daga matakalarmu zuwa igiyar taku arba'in da biyu ne. Na ƙirga sau biyu don kada in rubuta abin da ba haka ba.

Gabas ta ba ni wahala. Rana ba ta fitowa sosai saboda itatuwa. Direba ne ya nuna mini da wayarsa, na yi alama da sabulu a jikin katako.

Kullum da safe Likita za ta zo da abin auna zafin jiki, mai kama da ƙaramar bindiga. Yarinya ce, ba za ta wuce sa'ar 'yata ba. Ta saita wa Yaya a goshi, Yaya ta ce, "Ɗiyata, in harbin ne ki yi ki gama, na gaji da gyara ɗankwali." Likita ta yi dariya a cikin takunkumi.

Ni ta fi daɗewa a kaina. Ta juya tafin hannuna na dama, ta duba tsakanin yatsu, ta duba bakin farce.

Da ta fita Yaya ta ce, "Ustaziya, likitar nan 'yar duba ce? Me take nema a tafin hannunki, miji na biyu?"

Na ce hannun ne ya bushe. Kuma ya bushe ɗin.

Juma'a, bayan azahar. Kwana na huɗu.

Juma'a ba kiran salla, sai kukan tsuntsaye. Zafin jikina daidai.

Asabar, bayan karin kumallo. Kwana na biyar.

A babbar baranda muke cin abinci, an rarraba tebura nesa da juna. Shinkafa, kifi, ayaba, shayi. Ma'aikatan gidan suna ajiyewa a bakin igiya su ja baya, Jagora da direba su ɗauko.

Akwai wani Alhaji a cikinmu, muna ce masa Mai Kyamara, don kyamararsa ta kai tsawon hannun yaro. Tsuntsaye ya zo ɗauka. Yau ya miƙe tsaye da kofin shayi ya ce shi shekara biyu yana shirin tafiyar nan, akwai tsuntsun da sai a wannan watan ake ganinsa a kan duwatsu, ga shi an ɗaure shi kamar akuya saboda rashin hankalin mutum ɗaya. Yana cikin magana Malama ta yi tari.

Malama tsohuwar shugabar makaranta ce, ita kaɗai ta zo. A mota kusa da ni take zama, don Yaya ta kama kujerar gaba ta ce nan ne ake gani da kyau. Tarin nan tun ranar farko take yin sa, sanyin mota ne ke tayar mata, tana da abin shaƙarta na masu asma a jaka. Kowa ya sani. Har ruwa ake miƙa mata a da.

Mai Kyamara ya dakata har ta gama. Sannan ya ce, "Ni dai ban kama suna ba. Amma Allah Ya ba kowa kunne."

Wasu suka yi 'yar dariya. Malama ta ci gaba da ɓare ayabarta.

Na so in ce wani abu. Shayi ne a bakina, kafin in haɗiye an wuce wurin.

Lahadi, da la'asar. Kwana na shida.

Da komai ya tafi daidai, da jiya mun isa teku. Yaya ta fito da takalman robar da ta saya don shiga ruwa, masu ruwan hoda, ta sa su ta zauna a bakin gado. Ta ce, "Ko ba komai su san an sa su."

Ta yini da su. Har alwala a cikinsu ta yi.

Litinin, da hantsi. Kwana na bakwai.

Bari in rubuta yadda aka cike takardar nan, don ina ta juya ta a raina ko a salla, Allah Ya yafe mini.

Saura kamar rabin sa'a mu isa iyaka Jagora ya miƙe a gaban mota ya riƙe lasifika. Mutum ne mai fara'a, ya san sunan kowace bishiya. Ya ce, "Iyayena da yayyena, wannan takardar ba abin wahala ba ce. Tambaya goma ce, amsa ɗaya. Zan karanta muku don cika ƙa'ida, ku kuwa ku bi gefen hagu ku yi ta sa alama a a'a. Kowa haka yake yi. In muka yi sauri za mu ci abincin rana a kan dutse."

Ya fara. Zazzaɓi? Mota ta amsa, a'a. Amai? A'a. Abin ya zama kamar karatun yara, har direba yana tayawa. Yaya ta ɗaga murya daga gaba ta ce, "Ciwon gwiwa fa, babu layinsa?" Aka kwashe da dariya.

Birona ya ƙi rubutu, na ari na Malama. Shuɗi ne, an ɗaure masa zare a wuya.

Sai ya zo layi na bakwai. Ko ka taɓa wata dabbar daji da hannunka cikin kwanakin nan, mai rai ko matacciya. Mota ta ce a'a.

A ƙasan takardar akwai wurin sa hannu. Jagora ya ce ma'anar rubutun wurin ita ce, na shaida duk abin da na rubuta gaskiya ne.

Na shaida. Kalmar nan ba ƙarama ba ce a wurina.

Hadari ya taso, bari in kwashe shanya.

Laraba, bayan azahar. Kwana na tara.

An ja teburin Malama zuwa ƙarshen baranda, inda ruwan sama ke fesowa. Ban ga wanda ya ja ba. An ɗaura wa kofinta jan ƙyalle. Matan ɗaki na uku sun kwashe kayansu daga igiyar shanya da suka ga ta rataya hijabinta.

Na gaishe ta daga nesa. Ta ce, "Lafiya lau, 'yar'uwa. Ya hannu?"

Na ce da sauƙi. Sai da na dawo ɗaki na tuna ban taɓa gaya mata hannuna yana ciwo ba. Wataƙila ta ga Likita tana dubawa. Ƙofarmu a buɗe take da safe.

Zafin jikina daidai.

Alhamis, bayan asuba. Kwana na goma.

Yaya ta koma barci. Zan rubuta shi sau ɗaya.

Rana ta uku a daji, an sauke mu mu taka zuwa wani wurin da ruwa ke zubowa daga dutse. Azahar ta yi, na ja baya kaɗan da gorar ruwata in yi alwala a bayan wata bishiya. A gindinta na gan shi. Ɗan biri, bai kai kyanwa ba, yana kwance a kan ganye, bakinsa a buɗe, haƙarƙarinsa na hawa da sauka. Babu uwarsa. Ya dubi gorar, ya dube ni.

Jagora ya gaya mana tun a filin jirgi, kada a taɓa, kada a ciyar. Na ji shi sarai, ba zan ce ban ji ba. Amma tun muna yara aka koya mana akwai lada a shayar da duk abin da ke da rai, kuma ruwan yana hannuna. Na zuba a tafina na miƙa. Ya kama ɗan yatsana da hannunsa ya sha. Na ƙara, ya ƙara. Ruwan alwalar duka ya shanye, na yi taimama.

A layi na bakwai hannuna ya tafi gefen dama.

Na ɗauka za a kira ni ni kaɗai, a yi mini faɗa, a ba ni magani. Wallahi abin da na ɗauka ke nan. Ban san mota guda za a tsare ba.

Shi ke nan. Na rubuta.

Juma'a, bayan la'asar. Kwana na goma sha ɗaya.

Waya ba ta kamawa sai a gindin tankin ruwa, a can ake bin layi. Na sami 'yata. Tana ta kuka, wai su suka tura mu. Ta ce, "Umma, Allah Ya isa tsakaninmu da wanda ya jawo muku wannan."

Na ce, "Kul. Kada ki ƙara."

Ta ce, "Ke dai Umma kullum sai kin kare mutane."

Malama tana bayan layi, nesa da kowa, tana jiran a gama. Da nata ya zo ruwa ya sauko. Ban sani ba ko ta sami kiran.

Asabar, da hantsi. Kwana na goma sha biyu.

Yaya tana wanka lokacin da Likita ta zo, sai na yi ƙasa da murya na ce, "Ɗiyata, don Allah ki gaya musu ba Malama ba ce. Ba sai kin ce ko wace ce ba."

Ta ce, "Mama, ba ni da ikon cewa wance ce, ba ni da ikon cewa ba wance ba ce. In na fara cire mutane ɗaya ɗaya, ai na faɗa ke nan." Ta rubuta abin da za ta rubuta a takardarta. A bakin ƙofa ta juyo ta ce, "Ni aka ɗaure wa baki. Ke ba a ɗaure miki ba."

Na yi niyyar faɗa da rana. Da rana Yaya ta tashi da ciwon kai, ta ce hasken baranda yana sukar idonta, na kawo mata abinci ɗaki. Na yi niyyar faɗa da yamma.

Lahadi, da yamma. Kwana na goma sha uku.

Taku arba'in da biyu. Na je na dawo sau tara. Ba a tambaye ni ba.

Litinin, bayan azahar. Kwana na goma sha huɗu.

Mai Kyamara ya rubuta takarda. Ya bi ɗaki ɗaki da ita. Ya tsaya a matakalarmu ya karanta mana: wai mu da muka sa hannu a ƙasa mun shaida cewa mace ɗaya ce a cikinmu take nuna alamar ciwo tun daga daji, muna roƙon hukuma ta ɗauke ta zuwa asibitin gari a killace ta ita kaɗai, a sallami sauran. Ya ce gobe motar hukuma za ta zo da kayan abinci, zai ba su.

Ya ce, "Hajiya, ba mugunta ba ce. Ita ma can za a fi kula da ita."

Direba ya taɓa gaya mana yadda ɗakin killacewar asibitin yake. Ba taga. Ta ƙasan ƙofa ake turo abinci. Mace mai asma.

Yaya ta ce, "In aka sake mu jibi, za a iya kai mu tekun?" Ya ce ko kwana ɗaya ne za a yi ƙoƙari. Ta karɓi biro. Ta kusanto da takardar har tana taɓa hancinta, ta nisanta ta, sannan ta ce, "Ustaziya, nuna mini layin."

Na ɗora yatsana. Ta sa hannu a inda na nuna.

Ya miƙo mini. Na ce hannuna a jiƙe yake. A jiƙe yake kuwa, don da na ji muryarsa a ɗaki na biyar na je na tsoma shi a bokiti. Ya ce ba komai, gobe wurin karin kumallo, ni da Jagora kaɗai muka rage.

Litinin, bayan magariba.

Ina yarinya, in na kawo hadda gaban malaminmu, ban cika sauya kalma ba. Tsallake nake yi. In na zo inda ban riƙe ba sai in yi sauri in haye, in ci gaba da murya mai daɗi. Ba ya duka. Sai ya ce, "Koma. Duk abin da kika faɗa daidai ne, amma kin bar rami a tsakiya, kuma wanda ya biyo ki a nan zai faɗa."

Kwana goma sha huɗu ban faɗi ƙarya ko ɗaya ba. Na bi littafin nan daga farko na duba. Hannun ya bushe. Shayi ne a bakina. Hannun a jiƙe yake. Ba a tambaye ni ba.

Na ƙi sa hannu a kan ƙarya a gaban ma'aikacin da bai san ni ba, ba zai ƙara ganina ba. Wannan mai sauƙi ne ashe. Takarda ba ta harara. Takarda ba yayata ba ce.

Ina jin tarin Malama daga nan. Ɗakinta na tara ne.

Talata, da hantsi. Kwana na goma sha biyar.

Mai Kyamara ya zo wurin karin kumallo da takardarsa.

Ya ajiye takardar kusa da kofina, ya ɗora biro a kai. Na miƙe. Muryata ba ta da ƙarfi tun asali, sai da na faɗa sau biyu. Na farko direba kaɗai ya ji, ya ajiye cokali.

Na ce, "Ni ce. Ba Malama ba ce. Ni na taɓa biri a daji, na ba shi ruwa a hannuna, ni na rubuta e a layi na bakwai."



Mai Kyamara ya ce, "Biri? Hajiya, da girmanki? Biri ɗan'uwanki ne?"

Na ce ƙishirwa yake ji.

"To kin shayar da shi, Allah Ya ba da lada. Wa ya aike ki ki rubuta? Ba a ce a'a za a sa ba? Mutum goma sha uku duk 'yan wuta ne, ke kaɗai ce 'yar aljanna?"

Na ce ban ce haka ba. Su a'a ɗinsu gaskiya ce, ba su taɓa komai ba. Tawa ce da ta zama ƙarya.

Ɗaya daga matan ɗaki na uku ta ce, "Kuma kina kallo muna gudun baiwar Allah nan mako biyu? Kin sa mun kwashi zunubi a banza!" Wannan ta fi ta Alhaji zafi.

Jagora bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Mama, shekara tara ina karanta tambayoyin nan a mota. Ban taɓa sanin akwai mai sauraron tambayar ba, na ɗauka amsar kawai ake jira." Ya shafa fuskarsa. "Da kin gaya mini tun a dajin." Na ce ya yi haƙuri. Ya ce shi ma akwai abin da zai amsa a ofishinsu, kuma ba ni na jawo masa ba, bakinsa ne.

Na juya wajen Malama in nemi gafara, na kasa haɗa ido da ita. Ta ɗauki kofinta mai jan ƙyalle ta kurɓa.

Mai Kyamara ya ninke takardarsa ya sa a aljihu.

Yaya ta tashi ta lalubi ƙarfen matakala ta sauka ita kaɗai. Kullum ni nake riƙe mata hannu a wurin.

Laraba, bayan azahar. Kwana na goma sha shida.

Teburina ne yanzu a ƙarshen baranda. Ruwan yana fesowa har cikin shinkafa. Ashe haka wurin yake.

Yaya ta mayar da takalman roba cikin akwati. In za ta yi salla ba ta tambayata gabas, sai ta shafa katako har ta ji sabulun.

Zafin jikina daidai. Yau ne na fara jin daɗin rubuta hakan.

Alhamis, bayan la'asar. Kwana na goma sha bakwai.

Da rana ina zaune sai ga Malama da farantinta. Ta ja kujera ta zauna a teburina, ta ce, "Matsa ciki kaɗan. In kika sa kujerar a nan ruwan ba ya kai ki. Na san wurin."

Na fara, "Malama, don girman Allah..."

Ta ce, "Ci abincinki tukuna." Ta buɗe jaka ta fito da biron nan shuɗi mai zare, ta ajiye tsakaninmu. "Kin tuna wannan? Shekara talatin ina tsaron jarrabawa, 'yar'uwa. Ko ban so ba idona yana ganin takardar maƙwabci. Na ga hannunki ya tsaya a na bakwai, na ga inda ya tafi."

Na ce, "Tun a mota kika sani?"

"Tun a mota."

"Me ya hana ki faɗa? Kalma ɗaya da kin huta."

Ta ce, "Amsarki ce. Ban taɓa karanta amsar wani a bainar jama'a ba, ba zan fara da tsufana ba. Na ce matar da ta kasa yi wa takarda ƙarya za ta miƙe da kanta." Ta yi tari, ta shaƙi maganinta, ta jira numfashinta ya dawo. "Na ba ki kwana uku a raina. Kika ci goma sha biyar. Da a ajina kike, da kin maimaita shekara."

Na yi kuka, ita tana cire wa kifinta ƙaya. Na ce ta yafe mini. Ta ce ta yafe, amma ranar Juma'ar nan da ruwa ya hana ta kiran ɗanta, wannan sai ta ƙara kwana biyu tukuna. Na ce ta ɗauki duk kwanakin da take so.

Mai Kyamara ya wuce mu ya ce, "Malama, a yi haƙuri da abin da ya faru." Ta ce, "Wanne daga ciki, Alhaji?" Ya tsaya kamar zai lissafa, sai ya wuce.

Asabar, da yamma. Kwana na goma sha tara.

Kwana huɗu Yaya ba ta yi mini magana ba. Ko Ustaziya ba ta ce ba.

Litinin, bayan la'asar. Kwana na ashirin da ɗaya.

Likita ta zo ba takunkumi. Ashe tana da wushirya. Ta ce jinin kowa lafiya, gobe da safe za a kwance igiya. Abin da ya kashe biran har yau ba a gaya mana sunansa ba. Jagora ya ce daga nan filin jirgi za mu wuce kai tsaye. Ba duwatsu, ba teku.

Ina ninke kaya Yaya tana zaune a bakin gado, fuskarta wajen taga. Ba ta juyo ba ta ce, "Da me ya yi kama?"

Na ce, "Wa?"

"Birin naki. Wanda ya cinye mini teku."

Na rasa ta inda zan fara. Na ce ƙarami ne, irin waɗanda muka gani a kan bishiya rana ta biyu, masu farin gemu.

Ta ce, "Ban gan su ba."

Na ce ai ita ta fi kowa cewa masha Allah.

"Ban gan su ba, Ustaziya. Giwar ma ban gan ta ba, wani abu dai na gani toka-toka kamar an jingina katifa. Jagora ya ce ku duba hagu, in duba hagu in ce masha Allah. Yaran nan sun yi ɗawainiya, in ce musu me?" Ta goge ido da bakin mayafi. "Tekun ma na san ba ganinsa zan yi ba. So nake in tsaya a ciki ya taɓa ni. Shi ya sa na sayi takalman."

Na zauna a ƙasa kusa da ƙafarta. Na ce, "Yaya, ki yafe mini."

Ta ce, "Ban yafe ba tukuna. Kin bar ni na sa hannu a kan baiwar Allah, ke kika nuna mini layin ma. Wannan sai mun je gida, in zauna in yi miki faɗan da kyau, a gaban 'ya'yanki." Ta miƙo hannu. "Mu goma sha huɗu muka zo kallon dabbobi, ke kaɗai dabba ta taɓa. Kawo hannun. Wanne yatsa ya kama?"

Na ba ta manunin dama. Ta naɗe shi da yatsunta.

"Haka?"

Na ce a'a, ya fi haka sauƙi, kamar jariri in yana shan nono.

Ta sassauta. "Haka?"

Na ce haka.

Ta ce, "To fara daga gindin bishiyar. Kuma kada ki tsallake komai."